Tambayoyi da Amsoshi a Kan Ƙananan Na'urorin Rediyo Masu Samun Wuta Daga Jikin Masu Rai

Wace irin na'ura ce wannan, kuma me ya bambanta ta da sauran na'urorin aika saƙo?

Na'ura ce 'yar mitsitsiya wadda ke auna wani abu, kamar zafin jiki ko danshin ƙasa, sannan ta aika sakamakon awon ta iska zuwa wata na'urar da ke sauraro a kusa. Bambancinta da sauran shi ne ba ta dogara da batir ba. Wutar da take aiki da ita tana fitowa ne daga jikin abin da aka liƙa ta ko aka dasa ta a ciki, ko mutum ne, ko dabba, ko ƙwaro, ko bishiya, ko kuwa bakteriyar da ke cikin laka. Galibi sassa huɗu ne ke cikinta: abin da ke ɗibar wutar, abin da ke ɗaga ƙarfinta ya tara ta, ma'aunin da ke yin awo, sai rediyon da eriyarsa. Wutar da jiki ke bayarwa kaɗan ce ƙwarai, saboda haka mafi yawan aikin injiniyoyin wannan fanni yana ƙarewa ne a kan koya wa na'urar tsimi.

Da gaske akwai lantarki a jikin mai rai wanda za a iya ɗiba?

Akwai, kuma misalin da ya fi bayyana hakan yana cikin kunne. A can cikin kunnen ɗan'adam da sauran dabbobi masu shayarwa akwai wani sashe naɗaɗɗe da likitoci ke kira kokliya, mai ɗauke da ruwa iri biyu da wata siririyar fata ta raba. Ɗaya daga cikin ruwan cike yake da sinadarin fotasiyam, wanda wasu ƙwayoyin halitta ke turawa ciki dare da rana, kuma wannan bambanci ne ke haifar da ƙarfin lantarki na milibolt 70 zuwa 100 (milibolt shi ne kaso ɗaya cikin dubu na bolt). Da shi kunne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Georg von Békésy, wanda ya sami kyautar Nobel a 1961, shi ne ya fara auna wannan ƙarfi a farkon shekarun 1950, amma sai da aka shafe kusan shekara sittin kafin a sami na'urar da tsiminta ya kai ta rayu a kansa.

A shekarar 2012 ne masu bincike na Cibiyar Fasaha ta MIT da Asibitin Ido da Kunne na Massachusetts da ke Amurka, cikinsu har da Patrick Mercier da Anantha Chandrakasan da likitar kunne Konstantina Stankovic, suka bayyana cewa sun yi hakan. Sun zura wasu siraran sandunan gilashi masu ɗaukar lantarki cikin kunnen ɓeran Masar da aka sa wa maganin barci, suka haɗa su da ɗan ƙaramin allon lantarki da suka ƙera musamman. Allon ya riƙa ɗibar aƙalla nanowat 1.12 har na tsawon awa biyar, kuma da wannan ne wani rediyo mai aiki a zangon gigahaz 2.4 ya riƙa aika sakamakon awon wutar kunnen, sau ɗaya a kowace daƙiƙa 40 zuwa 360. Ya kamata a lura cewa allon kansa yana wajen jikin dabbar a lokacin gwajin, ko da yake girmansa zai ba shi damar zama a kunnen tsakiya na mutum.

Nawa ne nanowat ɗaya, kuma ta yaya zai ishi rediyo?

Idan aka raba wat ɗaya gida dubu, kowane kaso miliwat ne. Idan aka raba shi gida miliyan, mikrowat ke nan, idan kuwa gida biliyan ne, shi ne nanowat. Wayar salula tana iya cin wat ɗaya zuwa biyu yayin da take neman hasumiyar sadarwa, rediyon Bluetooth mai tsimi yana cin 'yan miliwat a lokacin aikawa, agogon hannu mai batir kuwa yana tafiya da kimanin mikrowat ɗaya. Wato abin da aka samu daga kunnen ɓeran Masar kusan kaso ɗaya ne kawai cikin dubu na abin da agogon hannu ke ci.

Babu rediyon da zai kasance a kunne koyaushe da irin wannan wuta. Dabarar irin ta asusu ce: ana jefa ƙwandala ɗaya-ɗaya na tsawon lokaci, sai a fasa a kashe gaba ɗaya a sayayya guda. Na'urar tana kwana mafi yawan rayuwarta, tana tara abin da ke shigowa a cikin kafasita, wani ɗan ma'ajin lantarki da ke iya juye abin da ya tara nan take. Nanowat ɗaya da aka tara na minti guda, idan aka kashe shi cikin kaso ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, yana ba da ƙarfin mikrowat 600, kuma wannan ya isa a harba ɗan gajeren saƙo zuwa nisan mita ɗaya ko makamancin haka. Daga nan sai na'urar ta koma barci.

Wahalar tana cikin barcin. Kowane tiransista, wato ɗan makunnin da ke cikin allon lantarki, yana yoyon wuta ko da an kashe shi, kafasita ma tana yoyo, kuma dole ne a bar wani ɗan agogo a farke domin ya san lokacin da zai tashi sauran sassan. Idan yoyon da agogon suka cinye fiye da abin da ke shigowa, ma'ajin ba zai taɓa cika ba, komai daɗewar jira. Shi ya sa masu wannan sana'a suke lissafin yoyo da fikowat, wato kaso ɗaya cikin dubu na nanowat, kuma a ganin mai wannan rubutu nan ne ainihin gwanintar take, fiye da gano cewa jiki na da lantarki, abin da aka sani tun zamanin Luigi Galvani da gwaje-gwajensa a kan ƙafafun kwaɗi a ƙarni na 18.

Tunda ƙarfin bai kai bolt ɗaya ba, yaya na'urar take tashi tun farko?

Sassan lantarki na silikon suna bukatar ɗaruruwan milibolt kafin su motsa, don haka ana sa wani sashe mai ɗaga ƙarfin wuta daga milibolt 80, alal misali, zuwa kusan bolt ɗaya. Matsalar ita ce shi ma mai ɗagawar yana bukatar wuta kafin ya fara aiki. A gwajin kunne an warware wannan ta hanyar aika wa na'urar da bugu ɗaya na igiyar rediyo daga waje domin ta cika ma'ajinta karon farko, daga nan ta ci gaba da riƙe kanta.

An ce akwai kafso da ake haɗiya, ya riƙa aiko da saƙo daga cikin ciki. Yaya yake aiki?

A 2017 wata tawaga daga MIT da Asibitin Brigham and Women's da ke Boston, wadda ta haɗa da Phillip Nadeau da Giovanni Traverso da Robert Langer, ta gwada wani kafso mai tsawon milimita 40 da kaurin milimita 12 a cikin aladu. A jikinsa akwai ɓallin tutiya da na jan ƙarfe, kuma da zarar ruwan asid na ciki ya jiƙa su sai lantarki ya fara gudana tsakaninsu, kamar yadda ɗalibai ke gani idan sun soka ƙarfe iri biyu a lemon tsami. Kafson ya yi kimanin kwana shida a matsakaici kafin ya fita, kuma yayin da yake cikin tumbi ya riƙa auna zafin jiki yana aikawa kowace daƙiƙa 12 zuwa na'urar da ke nisan mita biyu. Da ya gangara ƙaramin hanji, inda tsami ya ragu, wutar ta faɗi zuwa kusan kaso ɗaya cikin ɗari, sai saƙon ya riƙa zuwa jefi-jefi.

Akwai gyara guda da ya kamata a yi wa yadda ake ba da wannan labari. Makamashin ba daga cikin aladen ya fito ba, daga tutiyar ya fito, wadda ke narkewa sannu a hankali. Ruwan cikin dai shi ne mahaɗin da ya cika batirin. Idan tutiyar ta ƙare, na'urar ta mutu. Wannan bai rage amfaninta ba, domin ta kawar da haɗarin haɗiye batir na gaske, wanda ke iya ƙona maƙogwaro idan ya maƙale, amma ba ta cikin sahun na'urorin da jiki ke ciyarwa har abada.

To waɗanne ne jiki ke ciyarwa da gaske?

Waɗanda ke ƙona sukarin jiki. Ana shafa wa sanduna biyu wasu sinadaran inzayim, irin waɗanda jikin mai rai ke sarrafa abinci da su, ɗaya ya ƙwace ilektiron daga gulukos, ɗayan ya miƙa su ga iskar oksijin, sai a sa na'urar a kan hanyar da ilektiron ɗin ke bi. Muddin mai rai yana ci yana numfashi, man ba ya yankewa. A 2010 tawagar Philippe Cinquin da Serge Cosnier a Grenoble ta Faransa ta dasa irin wannan a cikin ɓera ta sami 'yan mikrowat, kuma a 2013 masu bincike na can suka kai kusan mikrowat 39, abin da ya kunna ɗan ƙwan fitila da ma'aunin zafi. A 2012 Evgeny Katz na Jami'ar Clarkson ya dasa sandunan a jikin dodon koɗi, wanda ya rayu watanni yana ba da wuta, tana raguwa idan an ɗiba, tana dawowa idan ya ci abinci ya huta. A wannan shekarar ce kuma Michelle Rasmussen da Daniel Scherson na Jami'ar Case Western Reserve suka ɗebi wuta daga sukarin da ke cikin jinin kyankyaso, daga baya kuma aka haɗa ta da ɗan rediyon da ya aika sigina.

Raunin wannan hanya shi ne inzayim yana lalacewa, kuma jiki ba ya son baƙo. Cikin 'yan makonni furotin da ƙwayoyin garkuwa suna lulluɓe sandunan, har sukari da oksijin su daina isa gare su yadda ya kamata. Wasu masu binciken sun koma ga filatinam, wanda ba ya lalacewa da wuri amma bai iya zaɓen sukari shi kaɗai daga cikin abubuwan da ke yawo a jini kamar inzayim ba.

Zafin jiki da motsinsa fa?

Mutum a zaune yana fitar da zafin kimanin wat 100, adadin da ke sa mutane su ɗauka an tsinci dami a kala. Sai dai zafi ba ya zama lantarki sai da bambanci tsakanin ɓangare mai ɗumi da mai sanyi, ƙa'idar da ta samo asali daga abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821. Bambancin digiri biyar tsakanin fata da iska ba zai ba da fiye da kaso biyu cikin ɗari na zafin da ya ratsa ba ko da na'urar ba ta da aibi, kuma na'urorin gaske suna ƙasa da haka nesa. Duk da haka kamfanin Seiko ya sayar da agogo mai aiki da zafin hannu a 1998, kuma cibiyar imec ta Beljiyam ta ƙera ma'aunin oksijin na jini da ke aika sakamako ta rediyo da zafin wuyan hannu kaɗai. An auna waɗannan na'urori ne a ɗakuna masu sanyi irin na Turai. A Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da iska ke kai digiri 40 ko fiye, bambancin yana shuɗewa a wasu sa'o'in yini, na'urar kuma ta tsaya cik. A cikin jiki ma haka ne, domin zafin gaɓoɓin ciki kusan ɗaya ne ko'ina.

Motsi ya fi alkawari. A 2014 Canan Dagdeviren da John Rogers sun manna wani siririn fai-fai mai ba da wuta idan an lanƙwasa shi a kan zuciya da huhun shanu da tumaki da aladu. A shekarar ce kuma Adrian Zurbuchen na Jami'ar Bern ta Suwizalan ya ɗinka injin agogo mai ɗaure kansa a kan zuciyar alade, ya sami mikrowat 52, fiye da abin da na'urar daidaita bugun zuciya ke bukata. A ɓangaren dabbobin dawa, masu bincike daga Denmak da Jamus sun fitar da wani abin wuya mai suna Kinefox a 2023, wanda ke samun wuta daga tafiyar dabba, ya nemi wurin da take ta GPS, ya aika ta hanyar sadarwar Sigfox. Sun gwada shi a kan karnuka da wani ɗan doki da ɓaunan Turai, kuma karnukan ne suka fi ba da wuta saboda yawan zirga-zirgarsu.

Bishiya ma tana iya kunna rediyo?

Tana iyawa, da sharaɗin a yi haƙuri. A 2008 masu bincike na MIT sun nuna cewa ƙarfin da ake gani tsakanin gangar bishiya da ƙasar da take tsaye a kai, wanda kan kai milibolt 200, yana fitowa ne daga bambancin tsami tsakanin ruwan bishiyar da ƙasar. Shekara guda bayan haka Babak Parviz da Brian Otis na Jami'ar Washinton suka ƙera abin ɗaga wuta mai karɓar milibolt 20 ya mayar da shi bolt 1.1, suka gudanar da shi a kan bishiyoyin harabar jami'ar.

Hanyar da ta fi nisa ita ce ta bakteriyar ƙasa. Tsiro yana zubar da wani kaso na abincin da ya haɗa ta saiwoyinsa, bakteriya su ci, kuma wasu daga cikinsu, irin su Geobacter da Derek Lovley ya gano a lakar Kogin Potomac na Amurka a 1987, suna iya miƙa ilektiron kai tsaye ga sandar gawayi da aka binne. Tun 1911 Michael Potter na Jami'ar Durham ta Ingila ya lura cewa ƙananan halittu na ba da lantarki. A 2008 Leonard Tender na ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka ya ba da rahoton na'urar awon yanayi da ke shawagi a Potomac tana aika bayanai ta rediyo da wutar laka. Kamfanin Plant-e na Holan, wanda ya tsiro daga Jami'ar Wageningen a 2009, ya haɗa kai da kamfanin Lacuna Space, kuma a farkon 2020 suka sanar da cewa wani ma'auni mai aiki da wutar tsirrai ya aika saƙo har zuwa tauraron ɗan'adam. Sharaɗin wannan hanya shi ne ƙasa mai jiƙe wadda iska ba ta ratsa ta sosai, don haka gonar shinkafa ta fadama ta fi dacewa da ita a kan gonar gero ta tudu.

Nisan wane wuri saƙon ke kaiwa?

Ga na'urar da ke cikin jiki, mita ɗaya ne zuwa 'yan mitoci. Tsoka da jini suna shanye igiyar rediyo, kuma shanyewar tana ƙaruwa idan zangon ya yi sama. Idan kuma aka sauko ƙasa domin a guje wa hakan, sai igiyar ta yi tsawo ta nemi babbar eriya: a gigahaz 2.4 tsawonta santimita 12.5 ne, a megahaz 400 kuwa santimita 75 ne. Zangon megahaz 402 zuwa 405, wanda hukumar sadarwar Amurka ta keɓe wa na'urorin likita da ake dasawa a 1999, sulhu ne tsakanin waɗannan matsaloli biyu.

Akwai kuma dabarar da ke rage kuɗin aikawa sosai, wato na'urar ta ƙi ƙirƙirar igiya tata, ta riƙa mayar da wadda aka aiko mata tana sauya ta kaɗan-kaɗan. Da haka katunan buɗe ƙofa da tambarin kaya a manyan shaguna suke aiki. Masu bincike na Jami'ar Northwestern sun yi amfani da ita a ma'aunin danshin ƙasa mai aiki da bakteriya da suka bayyana a farkon 2024. Nauyin wutar a nan yana komawa kan na'urar da ke karanta saƙon.

Me ya hana a sa batir kawai a huta?

Sau da yawa babu abin da ya hana, kuma masu gaskiya a fannin suna faɗin haka. Batir mai kama da ƙwandala, samfurin CR2032, yana ɗauke da kimanin jul 2,400 (jul ɗaya shi ne makamashin da wat ɗaya ke bayarwa a daƙiƙa ɗaya). Na'urar da ke cin mikrowat ɗaya za ta bukaci fiye da shekara 70 kafin ta shanye shi a lissafi, ko da yake batirin zai tsufa kafin nan. Kunnen ɓeran Masar kuwa zai bukaci dubban shekaru kafin ya ba da makamashin da ke cikin wannan batir ɗaya. Wato duk tsimin da aka koya wa na'ura domin ta rayu da wutar jiki, shi ne kuma ke sa ta daɗe a kan batir, don haka ci gaban fannin yana ƙara wa abokin hamayyarsa ƙarfi.

Wutar jiki tana cin nasara ne a wurare ƙalilan. Na farko shi ne inda babu sararin batir, kamar cikin kunne ko bayan ƙwaro, domin makamashin batir yana raguwa daidai da girmansa. Na biyu shi ne inda sauya batir ke nufin tiyata: na'urar daidaita bugun zuciya, wadda ke aiki da batirin litiyam tun shekarun 1970, tana bukatar a sake ta bayan kimanin shekara goma, kuma wanda aka sa wa yana yaro zai sha wuƙa sau da dama a rayuwarsa. Na uku shi ne inda ba a iya komawa, kamar dabbar dawa da aka saki, ko dubban ma'aunai da aka warwatsa a daji waɗanda ba a so su zama sharar guba. Inda rana ke haskawa kuwa, ɗan ƙaramin fai-fan sola yana ba da miliwat masu yawa a kowane santimita murabba'i, ya ninka duk waɗannan hanyoyi sau ɗaruruwa ko dubbai, don haka abin wuyan saniya a Sahel ba ya bukatar su.

Ɗibar wutar ba ta cutar da mai ran?

Adadin da ake ɗiba bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da wat 100 da jiki ke kashewa. A gwajin kunne, ɗibar wutar ba ta nuna wata illa ga jin dabbobin ba. Haɗarin yana cikin shigar da sandunan, da kumburi, da kamuwa da ƙwayoyin cuta, da irin kayan da aka yi na'urar da su, musamman dalma da ke cikin wasu fai-fan masu ba da wuta idan an lanƙwasa su.

Za a iya sa wa mutum irin wannan na'ura a ɓoye a riƙa bin sawunsa?

Lissafin da ke sama ya amsa wannan. Na'urar da za ta bi ta bakin allura ba ta da sararin eriyar da za ta ji taurarin GPS, mai karɓar GPS yana cin miliwat masu yawa, kuma saƙon da ya fito daga cikin tsoka da 'yan mikrowat yana mutuwa kafin ya fita daga ɗaki. Alamar da ake dasa wa karnuka da kyanwoyi a ƙarƙashin fata ba ta da wuta ko kaɗan, ba ta kuma aika komai sai an kawo na'urar karantawa kusa da ita da 'yan santimita. Damuwar da ke da tushe ita ce wa ke riƙe da bayanan lafiyar da majiyyaci ya amince a tattara, da kuma yadda za a kulle saƙon, tunda kullewar ma tana cin wuta.

Za a kai ga cajin waya da ita?

A'a. Batirin waya na yau da kullum yana ɗaukar kimanin jul dubu 55, kuma tushen da ke ba da mikrowat goma zai yi fiye da shekara 170 kafin ya cika shi sau ɗaya.

Akwai wadda ta fita daga ɗakin bincike ta isa hannun jama'a?

Agogo masu aiki da motsi ko zafin hannu sun daɗe a kasuwa, kuma ana gwada ma'aunan da ke aiki da wutar tsirrai da laka a wuraren kula da ruwa da dausayi. A fannin magani, wanda ya fi shahara shi ne Abilify MyCite, ƙwayar maganin taɓin hankali da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a Nuwamban 2017. Tana ɗauke da wani ma'auni mai girman ƙwayar yashi da aka yi da jan ƙarfe da maganiziyam da silikon, wanda ruwan ciki ke kunnawa, ya aika sigina ta cikin jiki zuwa filastar da ke manne a fata, ita kuma ta miƙa wa waya cewa an sha maganin. Tsadar ƙwayar ta yi yawa, likitoci da masu biyan kuɗin magani ba su rungume ta ba, kuma kamfanin Proteus da ya ƙera ma'aunin ya shigar da takardar karyewa a 2020. Na'urorin kunne da na sukarin jini da na bugun zuciya kuwa, sakamakon da aka ambata a wannan shafi duk na gwaji ne a kan dabbobi, na sa'o'i ko kwanaki ko 'yan watanni, alhali na'urar da za a dasa wa mutum ana so ta yi shekaru goma tana aiki.